A raba takarda kafin oga ya yi magana

'Yan uwa ma'aikata na Birnin Kebbi da Argungu, ga dabara ga masu kiran taron neman mafita a wurin aiki.

Da zarar oga ya faɗi ra'ayinsa, sai kowa ya ce "haka ne, ranka ya daɗe". Yaron da ke kan injin casar shinkafa, wanda ya san abin da ke karya ƙwayar, ba zai ja da na gaba ba. Tarbiyya ce, amma tana binne shawara mai kyau.

Ku gwada tsarin 6-3-5 da ya samo asali daga Jamus. Mutum 6, kowa ya rubuta shawara 3 cikin minti 5, ya miƙa wa na kusa da shi ya ɗora a kai. Zagaye 6, rabin awa ke nan, za ku iya tara shawara har 108. Ba a sa suna, ba a kushe ta kowa sai an gama. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami.

Tambayar ta zama ɗaya tak, misali "yaya za mu rage kuɗin dizal?" Oga kuma ya faɗi tasa a ƙarshe.