Kurakuran da sababbin zuwa bikin fina-finai na Cannes suke ta maimaitawa

Duk shekara idan watan Mayu ya gabato, sai ka ji masu harkar fim da 'yan jarida suna haramar tafiya Cannes, birnin nan na bakin teku a kudancin Faransa inda ake bikin baje kolin fina-finai tun 1946. Wasunsu sukan dawo da waya cike da hotuna, amma da ka tambaye su fina-finan da suka kalla sai su shiga kame-kame. Abin yana damuna, domin kuɗin da ake kashewa a wannan tafiya ba kaɗan ba ne, kuma kurakuran da ke jawo asarar ba sa canzawa.

Wanda ya fi kowanne cin dukiya shi ne ɗaukar Cannes tamkar gidan sinima, inda mutum zai je bakin ƙofa ya biya ya shiga. Ba a sayar wa jama'a tikitin fina-finan babbar gasa, saboda bikin taro ne na masu sana'ar fim. Sai wanda hukumar bikin ta tantance ta ba shi baji yake shiga Palais des Festivals, ginin da ake haska yawancin fina-finan, kuma a intanet ake neman bajin watanni kafin bikin, tare da shaidar aikin da mutum yake yi. 'Yan jarida suna da nasu rukuni, masu sana'a suna da nasu, masu saye da sayarwa kuma suna biyan kuɗin rajistar kasuwar fina-finai ta Marché du Film. Tun 2018 akwai kuma bajin kwana uku da ake ba matasa masu shekara 18 zuwa 28.

Wannan al'amari ne ya cinye mini kuɗi a zuwana na farko. Wani mutum da ya ce yana da hanya ya karɓi kuɗina bisa alkawarin cewa bajina zai jira ni a can. Na yanki tikitin jirgi, na biya masauki, na isa na tarar babu sunana a ko'ina, na ƙare kwanakina ina zagaya ginin daga waje. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Har yau raina yakan ɓaci idan na ji wani yana cewa ai ya san wanda zai shigar da shi. Babu wanda zai shigar da kai! Bajin yana ɗauke da sunanka da hotonka, da na'ura ake duba shi a ƙofa, kuma ba a aronsa. Tun daga lokacin ba na biyan ko sisi na jirgi ko masauki sai saƙon amincewa daga hukumar bikin ya shigo hannuna, kuma shi nake haɗawa da takardun neman biza. Wanda bai samu baji ba kuma ya dage sai ya je, to ya san iyakarsa: akwai Cinéma de la Plage, inda ake haska fim kyauta da dare a bakin teku, akwai kuma sashen Quinzaine des cinéastes, wanda yake sayar wa jama'a tikiti.

Samun baji ma ba shi ne samun kujera ba, kuma a nan ne waɗanda suka tsallake matakin farko suke faɗuwa. Kowace haskawa tana da tikitinta, wanda ake kamawa a shafin bikin. Ana buɗe kamun ne da ƙarfe 7 na safe agogon Faransa, kwana huɗu kafin ranar fim ɗin, wato ƙarfe 6 agogon Najeriya da Nijar. Ma'ana, tikitin kwanakin farko yana ƙarewa tun mutum yana gida yana haɗa kaya. Zauren Lumière, babban zauren Palais des Festivals, yana ɗaukar mutum kusan 2,300, amma cikin 'yan mintuna ake wawashe kujerun manyan fina-finai. Al'adata ita ce in rubuta zaɓina tun da dare, na farko da na biyu da na uku, bayan sallar asuba kuma ba na komawa barci sai na gama kamu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne haɗama. Sai ka ga mutum ya kama tikiti biyar a rana ɗaya, bai duba tsawon fina-finan ba, bai duba inda zaurukan suke ba, bai san cewa sinimar Cineum tana unguwar La Bocca ba, sai an hau bas. Ya rasa biyu daga ciki, kuma bai soke su ba. Wannan zalunci ne ga wanda bai samu tikiti ba, yake tsaye a layin jiran tsammanin kujerar da mai ita bai zo ba, kuma cutar kai ce, domin tsarin yana lissafa rashin zuwa, yana iya dakatar da mutum daga kamun tikiti na wani lokaci. Na ga abokin tafiya da hakan ta same shi daidai ranar da za a buɗe kamun fim ɗin da ya kawo shi Faransa. Idan ka san ba za ka je ba, ka soke da wuri. Fim uku a rana sun ishe ni, kuma nakan bar tazarar awa guda a tsakaninsu saboda binciken jami'an tsaro a ƙofa.

Sai batun taurari, wanda shi ne ainihin abin da ke jan mutane da yawa ko da ba su faɗa ba. Ba laifi ba ne mutum ya so ganin jarumin da yake ƙauna. Laifin shi ne ya shafe yini a bayan shingen ƙarfe, gaban matakala 24 ta ƙofar Palais des Festivals da aka shimfiɗa wa jar darduma ko ƙofar otal ɗin Martinez ko Carlton, domin ya hangi ƙeyar wani yana shiga mota. Gaban matakalar ma akwai waɗanda suka kafa tsaninsu tun kafin a fara bikin, ba za ka ƙwace musu wuri ba. Mai son ganin 'yan fim da kyau ya nemi haskawar farko a ƙananan sassa. A zauren Debussy, inda ake sashen Un Certain Regard, darakta da jarumansa sukan hau dandamali su gaisa da masu kallo kafin a kashe fitila. A wannan sashe ne aka haska My Father's Shadow na Akinola Davies Jr. a 2025, fim na farko daga Najeriya da ya shiga zaɓin hukumar bikin, kuma ina takaicin duk ɗan ƙasarmu da ya bar irin wannan zama ya tafi gadin shinge. Fina-finan babbar gasa kuwa ana sake haska su washegari, wasu tun ƙarfe 8:30 na safe, ba tare da dokar sutura ba, kuma ni a nan nake kallon yawancinsu.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna hana shiga. Haskawar dare a zauren Lumière tana buƙatar kwat mai duhun launi da lakataye ga maza, kayan fita na dare ga mata, kuma ba a yarda da kambas ba. Ni nakan ajiye babbar rigata domin liyafa da ganawa. An hana hoton ɗauki-da-kanka a kan jar darduma tun 2018. Kada ka zo da ƙatuwar jaka. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, saboda haka ka tsara lokutan sallarka tun kana zaɓen fina-finai. Masauki a cikin Cannes yana da tsada ƙwarai a kwanakin bikin, shi ya sa da yawa suke sauka a garuruwan da ke kusa, Antibes ko Nice, suna shigowa ta jirgin ƙasa. Dabara ce mai kyau, sai dai ka duba lokacin jirgin ƙarshe kafin ka kama tikitin fim ɗin ƙarfe 10 na dare, domin kuɗin tasi zuwa Nice bayan tsakar dare zai iya lashe abin da ka rage a kuɗin ɗaki.