Kurakuran da Kwastoman Sirri Ke Yi a Wuraren Wasan Yara, da Yadda Ake Gyara Su

Mai wurin wasan yara ba ya taɓa ganin wurinsa yadda baƙo ke ganinsa. Da ya shigo, mai gadi zai miƙe, mai shara ya ɗauki tsintsiya. Shi ya sa wasu ke ɗaukar kamfanin bincike ya turo musu mutum a ɓoye, wato kwastoman sirri, ya sayi tikiti, ya shiga da yaransa, ya bi layi, ya koma gida ya rubuta abin da ya gani. Ana mayar masa da kuɗin da ya kashe, a ɗora masa ladan aiki. Duk wanda zai karɓi wannan aiki daga nan Zariya, ko a cikin gari ne ko Kaduna za a tura shi, akwai wuraren da ƙafa ke yawan zamewa.

Na farko tun ba a bar gida ba ake faɗa masa. Saƙo ya shigo WhatsApp cewa an zaɓe ka, ka tura kuɗin rajista ko na katin shaida. Kamfanin gaskiya shi ke biyanka, ba kai ke biyansa ba. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi kan wata dabara: a aiko maka cak na bogi, a ce ka cire ladanka ka mayar da ragowar. A nan kuwa alat na ƙarya ake yi da shi. Wanda ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka, rufe layinsa kawai. Idan kamfani ya ce yana cikin ƙungiyar MSPA ta masu wannan sana'a, ka duba da kanka kafin ka ba shi lambar asusu.

Sai rashin karanta takardar aiki. A cikinta ake faɗin rana, da lokacin shiga, da yawan yara da shekarunsu, da abin da za a saya, da iyakar kuɗin da za a mayar. Wani an ce ya je Laraba da yara biyu, sai ya bari sai yawon Sallah, ya cika keke napep da 'ya'yan gida da na maƙwabta. Rahoton bai amsa tambayar da aka yi ba, kuɗin ragowar yaran kuma daga aljihunsa. Idan aikin na Kaduna ne, tafiyar kusan kilomita 80 ce, ka tambayi waye zai biya kuɗin mota tun kafin ka amsa.

Tona kai ya fi komai sauƙi a garinmu. Zariya ce, an san juna. Mai yanka tikiti na iya zama ɗalibinka na da, ko ɗan layinku a Tudun Wada. Idan ɗan'uwanka ko abokinka na aiki a wurin, ka sanar da kamfanin su ba wani, domin ko ka yi adalci ba za a yarda da shaidarka ba. Kada ka riƙe biro da takarda, kada ka jero wa ma'aikaci tambaya biyar a tsaye. "Baba, sannu da aiki, ina ban-ɗaki yake?" ya isa ka ga yadda mai gadi ke amsa wa mutane. Yara kuma kada a gaya musu komai. Yaro ɗan shekara shida zai iya tsayawa gaban mai lilo ya ce Abbansa ya zo duba su ne. Abin da kake son tunawa, koma gefe ka rubuta a waya kamar mai amsa saƙo.

Inda na fi son a tsaya shi ne rubutun kansa. Yawancin rahotanni ra'ayi ne: "wurin ya yi kyau", "ma'aikatan ba su da kirki". Mai wuri ba shi da abin da zai gyara da wannan. Abin da ake nema shi ne shaidar ido da lokacinta. Misali: mun shiga layin jirgin yara ƙarfe 4:10, mun hau 4:25. Saurayin da ke tuƙa shi, mai jar riga, ya bi kujerun gaba ya ja bel ɗin kowane yaro da hannunsa, amma bai je kujeru biyun baya ba, ya kunna injin yana kallon wayarsa. Ka ga a nan ba zagi ba yabo, kuma gobe da safe manaja ya san abin da zai ce da wanda zai ce wa. Haka za ka lura ko ana tsayar da yaro a jikin sandar awon tsayi, ko kuwa da uwa ta ce "don Allah ƙanena, ka bar shi ya hau" sai a ɗaga masa ƙafa. A gidan iska da yara ke tsalle, duba ko an ɗaure shi da ƙasa, ko ana raba manya da ƙanana, da abin da ma'aikata suka yi lokacin da aka ɗauke wuta kafin janareto ya tashi. Wannan ɗan tsakanin yana nuna horon da aka ba su fiye da murmushin bakin ƙofa.

Wasu kuma idonsu na kan lilo kaɗai. Uwa mai goyo ba lilo ne ke korar ta ba. Ban-ɗaki ne da ba ruwa, da rashin inuwar zama a zafin bazara, da rashin wurin da za ta yi La'asar. A leƙa waɗannan, a duba ko an rubuta farashin askirim da lemo a fili, a tambaya inda ake kai yaron da ya ɓata ko ya ji ciwo.

Rasit shi ne hujjar cewa ka je. Rubutun takardar POS yana gogewa da zafi da gumi, ka ɗauki hotonta kafin ta shiga aljihu. Amma kada ka ɗauki hoton 'ya'yan mutane. Iyaye ba za su so ba, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane. Ɗauki allon farashi da karyayyar kujera, ka bar fuskoki.

Kuskuren da ya fi tayar min da hankali shi ne yin shiru a kan haɗari don kada asiri ya tonu. Ka ga wayar wuta a tsiraice kusa da inda yara ke gudu ba takalmi, ko ƙusar lilo ta kwance, ka ce sai a rahoto? A'a. Yi magana nan take kamar yadda kowane uba zai yi, sannan ka rubuta wanda ka gaya wa da abin da ya yi a kai. Kuma kada ka ɗora ɗanka kan abin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba wai don gwaji. Rubuta dalilin da ya hana ka hawa, shi ma bayani ne.

Ka tuna rahoton nan yana taɓa abincin wani. Kada ka ƙara gishiri don yarinyar kanti ta ɓata maka rai, kada kuma ka rufe laifin mai injin don tausayi, tunda wani yaron zai hau bayan naka. Idan ba ka ga sunan ma'aikaci a ƙirjinsa ba, ka siffanta kayansa da inda yake tsaye, kada ka yi cinke. Ka zauna ka rubuta a daren, kafin 4:10 ta koma "wajen La'asar", ka tura cikin wa'adin da aka ba ka. Abin da ka gano na kamfanin da ya aike ka ne, ba na Facebook ko majalisar mai shayi ba, kuma yawancin kamfanonin sukan sa ka amince da haka tun ranar da ka karɓi aikin.