Darasi na 7: Idan Zuciya Ta Gaza

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Ita ke tura jini ko'ina a jiki, kuma a babban mutum da ke hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Wani lokaci ƙarfinta kan ragu. Tana nan tana bugawa, amma ba ta iya tura jinin da jiki ke bukata. Sai ruwa ya taru a huhu, ya sauka ƙafafu da ciki.

Shi ya sa mai wannan ciwo yake haki. Da farko sai ya hau tudu ko ya ɗauki kaya. Daga baya ko zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya ya huta. Da dare ba ya iya kwanciya rigingine, sai ya tara matashin kai biyu ko uku, wani ma a zaune yake kwana. Ga tari, ga kasala, takalmi ya matse. Danna ƙwaurinsa da babban yatsa, ka ɗan jima, ka ɗaga. Idan wurin ya lotsa bai taso nan take ba, ruwa ne, ba ƙiba ba, ba kuma sammu ba. Ciwon ƙoda da na hanta ma suna kumbura jiki, don haka likita ne zai bambance, da awo da hoton zuciya.

Babban mai jawo gazawar zuciya a wurinmu hawan jini ne da aka bari shekara da shekaru ba magani. Akwai kuma ciwon suga, da ciwon maƙogwaro na yarinta wanda kan lalata ƙofofin zuciya.

Sai mai jego. A arewacin Nijeriya ana yawan samun matan da zuciyarsu ke gazawa daf da haihuwa ko a watannin bayanta. Likitoci a Zariya sun yi rubutu a kai tun shekarun 1970. Mai jegon da ke haki tana kumburi, kada a ce mata "ai jego ne, zai wuce". Asibiti za a kai ta ranar, a kuma dakata da kunun kanwa, domin kanwa kamar gishiri take riƙe ruwa a jiki.

Ciwon yakan zauna, amma magani na sauƙaƙa shi ƙwarai. A sha kullum, ko an ji sauƙi. Ƙwayar da ke sa yawan fitsari da safe ake shanta, don a samu barci. A rage gishiri da dunƙulen miya. Maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen na ƙara tara ruwa. Kada a saya a kemis sai an tambayi likita. Idan nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, a koma asibiti.

Aiki: Rubuta alamomi uku na gazawar zuciya. Sannan ka je asibiti mafi kusa a auna maka hawan jini, ka rubuta lambobin a littafinka. Sun kai 140/90, wato inda hawan jini ke farawa?