Yadda ake haɗa bidiyon katun na waƙar rabuwa da wayar hannu

Waƙar rabuwa ba ta son tsalle-tsalle, ɗan motsi kaɗan ya ishe ta, shi ya sa ko a ƙauye kake za ka iya yi mata katun. Wayar Android da manhajoji biyu ne kayan aikin: FlipaClip don zane, CapCut don haɗawa. Ka sauke su ranar da ka shiga Gumel ko Dambatta cin kasuwa, inda sabis ya fi ƙarfi.

Da farko, in waƙar ba taka ba ce, ka nemi izinin mai ita, don in ya kai ƙorafi YouTube za su sauke bidiyon. Ka yanki amshi da baiti ɗaya, kamar daƙiƙa 40.

Sai ka tsara labarin a takarda, hoto biyar ko shida. A nan aikin yake. Ka bar zanen zuciyar nan da ta tsage gida biyu, kowa ya gaji da shi. Zana abin da ɗan garinku zai gani ya ji a jikinsa: tabarmar zance a ƙofar gida ba kowa a kai, ƙanwar budurwa ta leƙo daga zaure tana cewa "wai ta yi barci", akwatunan lefe ɗaure a bayan babur ana mayar da su. Amma kada fuskar ta yi kama da ta tsohuwar budurwarka. Gari ƙarami ne, sai ka ji ana nemanka a gidan mai unguwa.

Kafin ka ja layi a FlipaClip, zaɓi siffar allo: 9:16 (a tsaye) in TikTok za ka saka, 16:9 (a kwance) in YouTube ne. Ka sa hoto 12 a daƙiƙa. Minti ɗaya ke nan zane 720, wa zai iya da ɗan yatsa da cajin da ake biya? Dabarar ita ce ka zana wurin sau ɗaya, ka ɗora abin da zai motsa a shimfiɗa ta daban (layer, kamar takarda mai haske a kan zanen): gefen mayafi, ko ƙurar babur. Zane takwas na motsin ya isa, sai ka riƙa maimaita su. Kunna inuwar zanen baya (onion skin), za ta nuna maka inda ka tsaya.

In ka gama zanen, ka fitar da shi a bidiyo ka kai CapCut, ka ɗora waƙar, ka sauya hoto daidai bugun kiɗa, ka rubuta baitin a ƙasa da manyan haruffa. Tura wa aboki ta Xender ya kalla a ƙaramar waya. In rubutun ya karantu a can, sai ka saka.