Kurakuran da samarinmu ke yi wajen sayen laftof ta wasa

Na faɗa har bakina ya gaji: sunan da ke manne a jikin laftof ba shi ne ƙarfin katin girafik ɗinta ba, wato na'urar da ke sarrafa hotunan wasa. Yaro ya ga sunan kati irin RTX 3060 sai ya zaro kuɗi, bai tambayi wat nawa na wuta aka sakar wa katin ba. Alhali 3060 ta laftof akwai mai wat 60, akwai mai kai wa 130, duk suna ɗaya. Mai 130 kan kusa kamo 3070, katin da ke gaba da shi, in an daƙile shi a wat 80. A 4060 abin ya fi haka, daga wat 35 ake farawa har 115. A 2017 da Nvidia, kamfanin da ke ƙera katunan, ta fito da Max-Q, wato samfurin da aka rage wa wuta, ana rubuta shi a jikin sunan, ka san mai tattalin wuta ka saya. Daga 2021 aka daina, sai mai saye ya bincika da kansa.

Wannan ya taɓa cin aljihuna. Ƙanena na ba kuɗi ya je Kano ya sayo mana ta hannu, ya dawo Ƙofar Ƙaura yana washe baki da wata siririya mai kyan gani. Na juya cajarta, na ga ƙarama ce, gabana ya faɗi. Na ce masa, "Kai Malam, kuɗin doki ka biya ka kawo mana jaki." Da asara muka sayar da ita. Tun daga nan ba na taya laftof sai na buɗe manhajar Nvidia Control Panel, na shiga System Information, na ga iyakar wutar katin da idona. In mai shago ya hana ka kunnawa, yi masa sallama.

Kada kuma a ce mai tattalin wuta ba ta da amfani. Wanda ke kan ƙaramar sola ko inbata, cajar wat 230 za ta tsotse masa batir tun kafin isha'i. A wurinsa 4050 ko 4060 mai matsakaiciyar wuta ta fi, domin waɗannan katunan ƙarin da suke yi bayan wajen wat 100 kaɗan ne. Sharaɗin dai farashinta ya sauko daidai da ƙarfinta.

Sai zafi. Haba jama'a! Watan Afrilu a Katsina, rana ta haura digiri 40, mutum ya ɗora laftof kan katifa, ya toshe mata hanyar iska, sannan ya zo yana cewa eFootball na sarƙewa. Katin da ya yi zafi rage gudu yake yi don kada ya ƙone. Ni kan tebur nake ajiye tawa, na ɗaga bayanta da ɗan katako, kuma duk bayan hunturu sai na kwance ta na share ƙurar da ta daskare a fanka.

Wasa a kan batir kuwa, katin ba ya samun cikakkiyar wuta, jona caja. Cajar kasuwa mara asali ma haka take jawowa. Katin MX, wato ƙaramin katin Nvidia, ba na manyan wasanni ba ne, komai daɗin bakin dillali. Kati mai memori 4GB kamar GTX 1650 zai ja maka GTA V, amma sababbin wasanni sai 6GB, in da hali 8.