Yadda ake raba ɗalibi da shaye-shaye ba tare da ya rasa ransa ko karatunsa ba

Kuskuren da aka fi yi a wannan harka shi ne ɗaukar cewa da zarar ƙwaya ta fita daga jinin yaro, shi ke nan an gama. A kwantar da shi a asibiti mako ɗaya ko biyu, ya fito fes, a mayar da shi ɗakin da ya baro, cikin abokan da ya baro, kafin wata ya zagayo sai a ji ya koma ruwa. Wanke jiki daga guba share fage ne kawai. Maganin kansa aikin watanni ne, kuma ga matashi mai shekara 18 zuwa 25 sai an haɗa shi da lissafin karatu. Akwai dalili a halitta: sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sashen da ke neman daɗi ya daɗe da ƙosawa.

Da farko a san me yake sha

Kafin a yi maganar inda za a kai shi, a samu amsar tambayoyi huɗu: me yake sha, nawa a rana, tun yaushe, kuma yaushe ya sha na ƙarshe. Matasa da yawa ba abu guda suke sha ba. Sau da yawa haɗi ne, kodin da wiwi, ko taramadol da ƙwayar barci, kuma haɗin ne ke faɗa wa likita inda haɗari yake. A yi masa tambayar lokacin da yake cikin hayyacinsa, mutum ɗaya ko biyu da yake jin maganarsu. Taron dangi a kansa ba ya fitar da gaskiya, ƙarya yake koya masa.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna auna zurfin kamu da alamomi 11 a cikin wata 12 da suka wuce, irin su shan fiye da yadda ya yi niyya, yunƙurin bari ya kasa, barin darasi saboda sha, da ƙara yawa kafin ya ji ta kama shi. Alama 2 ko 3 kamu ne mai sauƙi, 4 ko 5 matsakaici, 6 zuwa sama mai tsanani. A wannan zama ne kuma ya kamata a duba ciwon damuwa, fargaba da matsalar rashin tattara hankali, domin sau da yawa su ne suka fara, shan ya biyo baya. Idan ya taɓa yin allurar ƙwaya, a gwada shi ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki.

Abin da ba a yanke wa farat ɗaya

Nan ne ake asarar rai da kyakkyawar niyya. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum, ko da ƙwayoyin barci irin su Valium da Rohypnol, ba a kulle shi a ɗaki a ce ya daure. Mai giya yakan fara rawar jiki da gumi awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, jijjiga irin ta farfaɗiya tana iya zuwa a cikin kwana biyun farko, sannan daga kwana na biyu zuwa na huɗu wasu su shiga ruɗewa, gane-gane da zazzaɓi, wanda yana kisa idan ba a asibiti ake ba. A can ana ba shi maganin kwantar da jijiyoyi ana ragewa kullum, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Ƙwayar barci kuwa janye ta ake yi sannu a hankali, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk mako biyu zuwa huɗu, don haka aikin yana iya cin watanni. Gaggawa a nan ba ta da wani amfani.

Dangin kodin, taramadol da hiroyin labarinsu daban. Barinsu azaba ne: hamma, hawaye, majina, ciwon ƙashi, amai da gudawa, suna farawa awa 8 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, su yi ƙamari a kwana na biyu da na uku, su lafa cikin kwana 4 zuwa 10. Da wuya wannan ya yi kisa muddin ana mayar masa da ruwan da yake zubarwa. Taramadol yana da nasa ƙarin, domin yana taɓa sinadaran da magungunan damuwa ke taɓawa, shi ya sa wasu ke samun firgita da ruɗewa idan sun bari. Babban haɗarin yana zuwa ne daga baya. Bayan mako ɗaya ko biyu ba sha, sabon da jiki ya yi ya tafi. Ranar da ya koma ya sha adadin da ya saba, numfashi ya tsaya. Mutanen da suka fito daga cibiyar magani ko gidan yari sun fi mutuwa a makonnin farko saboda wannan.

Don haka duk gidan da ke da mai irin wannan kamu ya nemi nalokson, maganin da ke karya ƙarfin waɗannan ƙwayoyi idan sun yi wa mutum yawa, na allura ko na fesawa a hanci, abokin ɗakinsa ma ya san inda yake. Alamun ƙwaya ta yi yawa uku ne: ba ya farkawa ko an jijjiga shi, numfashi ya yi ƙasa sosai ko yana minshari mai shaƙewa, baƙin idonsa ya ƙanƙance kamar kan allura. A ba shi, a kira agajin gaggawa, a sake bayan minti 2 zuwa 3 idan bai motsa ba, a kwantar da shi ta gefe. Ƙarfin nalokson yana ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuwa tana iya fin haka daɗewa, saboda haka farkawarsa ba ta hana zuwa asibiti.

Maganin da ke riƙe mutum

Ga kamun dangin kodin mai tsanani, abin da ya fi ceton rai shi ne metadon ko bufurenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka a jerin muhimman magunguna tun 2005. Suna kwantar da kwaɗayin ba tare da bugarwa ba idan an daidaita awo, kuma suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Iyaye da yawa sukan ce musanya ƙwaya da ƙwaya aka yi, su matsa a tsayar da wuri. Wannan matsin yana cutarwa. Yaron da ke zuwa aji, yana barci, yana cin jarrabawa, ba a cikin maye yake ba. Bufurenofin ba a fara shi sai ciwon barin ya bayyana, in ba haka ba shi da kansa zai tayar da ciwon da ƙarfi. Naltirekson kuwa, wani magani mai toshe tasirin waɗannan ƙwayoyi, ba a fara shi sai an yi kwana 7 zuwa 10 ba sha.

Wiwi, hodar iblis da metamfetamin ba su da maganin sha da aka amince da shi don raba mutum da su. Abin da ke aiki shi ne zaman mako-mako da ƙwararre, inda ake koya masa gano abin da ke tayar masa da jarabar da yadda zai bi da ita, sai kuma tsarin gwajin fitsari sau biyu ko uku a mako, da ƙaramar kyauta duk lokacin da ya fito tsaf. Yana kama da wasan yara, amma ga masu sa kuzari irin metamfetamin babu hanyar da ta fi shi sakamako. Mai barin wiwi zai yi fushi da rashin cin abinci kamar mako biyu, barcinsa na iya kai wata bai daidaita ba. A faɗa masa tun farko, kada ya ɗauka lalacewa ya yi.

Tsawon lokaci: cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta daɗe tana nanata cewa magani ƙasa da kwana 90 amfaninsa kaɗan ne, metadon kuwa aƙalla shekara guda.

Karatu da gida

Mai kamu mai sauƙi ko matsakaici yana iya ci gaba da karatu yana zuwa magani daga gida. Tsari mai ƙarfi yana cin awa 9 ko fiye a mako, don haka a rage darussa. Mai tsanani gara ya jingine zango guda a hukumance, da takardar likita, tun kafin jarrabawa ta kayar da shi. Idan zai koma, a sauya ɗaki, a goge lambobin dillalai, a cika masa lokutan da ya saba sha, musamman daren ƙarshen mako da makon jarrabawa. Jaraba idan ta taso takan lafa cikin minti 15 zuwa 30, saboda haka ya zamana yana da mutum biyu da zai kira da wurin da zai nufa.

Iyaye su riƙa biyan kuɗin makaranta da na ɗaki kai tsaye, kada tsabar kuɗi mai yawa ta zauna a hannunsa. Su daina rufa masa asirin da ke hana shi ganin sakamakon aikinsa, su kuma yaba a fili ranar da ya wuni garau. Duka, mari da ɗaurewa ba sa cire kamu; duk cibiyar da ba ta da likita, ko ta hana iyaye ganin ɗansu, a guje ta.

Tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan sake sha, kusan daidai da yadda hawan jini da asma ke dawowa. Idan hakan ta faru, a kai shi wurin likitansa cikin kwana ɗaya ko biyu, a bi diddigin abin da ya faru a awanni 24 kafin shan, a ƙara yawan zama ko a gyara awon magani, sannan a duba ko nalokson ɗin da ke ɗakinsa bai wuce wa'adinsa ba.