Yadda za ka baƙunci Japan, ka gyara da masu gida, ka riƙe addininka

Ranar Juma'ar da ta wuce ɗan ƙanwata ya same ni a gida nan Argungu bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, takardar Japan ta fito." Gurbin karatu ya samu ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja. Murna ta hana ni magana. Ni malamin gona ne, shekara ashirin da ɗoriya ina taka fadamar Argungu da ta Augie, kuma ƙasar nan ta shiga raina tun da na yi wata bakwai a garin Tsukuba ina koyon noman shinkafa a cibiyar JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashen waje. Muka zauna har aka kira magariba ina zayyana masa abin da na sani. Da ya tafi sai na ga gara in rubuta, ko wani mai haramar tafiya zai amfana.

Fara da jaka. Mahaifiyarka za ta so ta cusa maka kilishi da dambun nama, to ka lallashe ta ta bari. Dokar Japan ta hana shiga da nama kowane iri, ɗanye ko busasshe, kuma a filin jirgin Narita akwai karnuka masu shinshina kaya. Tarar tana iya kai yen miliyan 3, ko ɗaurin shekara 3. Ɗanyen goro da shinkafa da irin shuka su ma sai da takardar shaidar lafiyar tsiro, don haka bar su a gida. Gurbin da suka bari ka cika shi da tsaraba, domin Japanawa mutanen tsaraba ne kamar mu, suna ce mata omiyage. Ni na tafi da 'yan jakunkunan fata na Sakkwato da faya-fayai masu launi, kuma faifan nan ya fi komai farin jini. Ba tsada suke dubawa ba. A naɗe abin cikin takarda mai kyau, a miƙa da hannu biyu, kuma kada ya zama guda huɗu, don a harshensu huɗu da mutuwa kusan lafazi ɗaya ne. Ka sayi sababbin safa da takalmi mai saurin cirewa, za ka ga dalili a gaba. Wutar lantarkinsu volt 100 ce, soket ɗin mai baki biyu, saboda haka nemi adafta, dutsen guga kuwa kada ka wahalar da kanka.

Babu jirgin da ke tafiya kai tsaye daga Najeriya. Sai ka yada zango a Adis Ababa ko Doha ko Istanbul. Agogonsu ya riga namu da awa 8, wato lokacin da ake sallar asuba a Birnin Kebbi su sun ci abincin rana.

Abin da ya fara girgiza ni shi ne alƙibla. Mu nan in an ce mutum ya dubi gabas, an gama magana. A Japan Makka tana yamma, ta ɗan karkata arewa. Daren farko na shimfiɗa darduma, manhajar waya na nuna mini yamma, zuciyata na ja na gabas, na daɗe tsaye kafin na yi kabbara. Bi lissafi, shi ne daidai. Sai lokutan salla: a watan Yuni rana na fitowa a Tokiyo kafin ƙarfe huɗu da rabi, wanda bai sa agogo ba asuba ta wuce shi. Akwai ɗakin salla a filayen jirgin Narita da Haneda. Juma'ar da ka samu sarari ka je babban masallacin Tokiyo, kusa da tashar Yoyogi-Uehara. An buɗe shi a 1938, Turkawa suka sake gina shi a 2000, kuma in ka shiga sai ka ji kamar an sauke maka kaya. Wanda ya fi shi daɗewa yana birnin Kobe, tun 1935.

Kada ka tambayi Bajapane buta. A bakinsu buta alade ke nan. Ba ma za ka buƙace ta sosai ba, don yawancin ban-ɗakunansu suna da maɓallin da ke fesa ruwa, tsarki ba ya wahala. Amma kalmar ka riƙe ta da kyau, da yadda ake rubuta ta, 豚, domin ita za ka riƙa nema a bayan kowace leda kafin ka saya. Romon taliyar ramen sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi. Akwai kuma mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da suke zubawa a girki kamar yadda muke sa daddawa. Ka zauna da malaminka kan wannan tun kana gida. Ni kifi da ƙwai da kayan lambu suka riƙe ni, da onigiri, curin shinkafa da ake samu a kantunan da ba sa rufewa dare da rana, irin su Lawson da FamilyMart.

Babbar shawarata a nan ita ce ka faɗa da wuri. Duk wanda ya gayyace ka, tun ranar gayyatar ka ce masa kai Musulmi ne, ba ka cin alade, ba ka shan giya. Kunyar Bahaushe takan sa mutum ya yi shiru sai an jera kwanoni sannan ya janye hannu, wannan kuwa shi ne abin da zai ƙona wa mai gida rai, don ya kwana uku yana shiri. In ka faɗa da wuri za su kiyaye maka fiye da yadda kake zato.

Na ga haka a gidan wani dattijon manomi da aka kai mu lokacin dashe. Daga ƙofa akwai ɗan wuri mai ƙasa-ƙasa, genkan, nan ake tuɓe takalmi. Ka hau dandamalin da safarka, kada ka taka ƙasan wurin da ita, sannan ka juya ka jera takalman bakinsu na duban waje. Za a ba ka silifa na cikin gida. In za ka ban-ɗaki akwai wani silifan daban a ƙofarsa, ka sauya, in ka fito ka sake sauyawa. Ɗakin da aka shimfiɗa tatami, tabarmarsu mai kauri, ba a hawansa da silifa ko kaɗan. Wanda ya tashi yana tuɓe takalmi a ƙofar zauren malam ba zai ga baƙon abu ba, ƙa'idar ce kawai ta fi tamu yawa.

Matar gidan ta ware mini tukunya daban, ta nuna mini kwalaben da ta yi girki da su ɗaya bayan ɗaya don hankalina ya kwanta. Aka ce itadakimasu, kalmarsu ta fara cin abinci, ni na yi bisimilla, muka fara. Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, da za a tuƙa ta da ta yi tuwo mai kyau, kuma kalmar gohan tana nufin dafaffiyar shinkafa, tana kuma nufin abinci gaba ɗaya. Ana ɗaga ɗan kwanon da hagu, a ci da dama da tsinkaye biyu. Abu biyu kada ka kuskura: kada ka soke tsinkayen a tsaye cikin shinkafa, kada kuma ka miƙa wa wani loma daga tsinkenka zuwa nasa. Duka biyun al'adar jana'izarsu ce. In tsinke ya gagare ka nemi cokali, ba wanda zai ga laifinka. Da muka gama sai na lura da kwanon dattijon. Ya bi ƙwayoyin da suka manne a gefe ɗaya-ɗaya har kwanon ya koma kamar an wanke. Na tuna da zubar da muke yi a masussuka da wurin biki, jikina ya yi sanyi. Tun ranar ba na barin ƙwaya a kwano, kuma yarana sun san haka. In an tashi ka ce gochisosama, godiya ce ga wanda ya dafa.

Sai lokaci. In an ce ƙarfe tara, tara saura biyar ake nufi. Jirgin ƙasa ba ya jiran kowa, daga Tsukuba zuwa Akihabara da ke Tokiyo minti 45 ne a mai sauri, kuma 45 ɗin ne. Sayi katin Suica ko Pasmo ka zuba kuɗi, shi zai shigar da kai jirgi da bas. A cikin jirgi ba a amsa waya. Wannan ya yi mini wuya, don mu gaisuwa ba ta yiwuwa a gajarce, amma ka bari sai ka sauka ka tambayi mutanen gida da gajiya. Motoci hagu suke bi, ka dubi dama kafin ka tsallaka. Kwandon shara ba shi da yawa a titi, kowa da 'yar ledarsa yake komawa gida da sharar da ya tara. A kanti ka ajiye kuɗi a ɗan farantin da ke gaban mai karɓa, kuma kada ka bar wa ma'aikaci canji da sunan alheri, zai biyo ka da shi. Fasfo ko katin zama kullum a aljihu, doka ce. In wayarka ta ɓarke da ƙara ba kira ba, gargaɗin girgizar ƙasa ne, shige ƙarƙashin tebur ka kare kanka.

Za a yi maka tayin onsen, wankan ruwan zafi na maɓuɓɓuga. Tsirara ake shiga, maza daban mata daban. Ban shiga na jama'a ba, na ce addinina bai yarda ba, kuma ba wanda ya matsa. Masaukai da dama suna da ɗakin wanka da ake kamawa na mutum ɗaya, kashikiri, shi na kama. Ka wanke jikinka tas a waje kafin ka shiga kwarmin.

Suna da kawaici irin namu. Bajapane ba ya cika cewa a'a. In ya ja iska ta haƙori ya ce chotto, ya bar maganar a rataye, to ya ƙi ke nan, kamar namu "sai na duba". Kada ka matsa. Sumimasen, wato a yi haƙuri, da arigato gozaimasu, wato na gode, da ɗan rusunawa, sun ishe ka makon farko, kuma ka liƙa san, kalmar girmamawa, a bayan sunan kowa, ban da naka.

In hutu ya samu, hau Shinkansen, jirgin ƙasa mai tsananin gudu da ya fara aiki tun 1964, daga Tokiyo cikin awa biyu da 'yan mintoci kana Kiyoto. Amma ɗan Kabi, ni garin Gifu zan tura shi. A kogin Nagara, daga watan Mayu zuwa Oktoba, masunta na fita da dare da wuta a goshin kwalekwale, suna riƙe da tsuntsayen ruwa a igiya, tsuntsun ya nutsa ya kamo kifi ya kawo. Na tsaya a bakin kogin ina tuna Matan Fada, kogin sun Argungu, da gora da homa. Na ce wa yaron ya ɗauko mini hoton wurin, akwai wani tsohon masunci a unguwarmu da har yau bai yarda da labarin ba.